Yadda Ake Koyar da Ilimin Yanayi da Taswirar Kwamfuta ga Ɗaliban da Ba na Kimiyya Ba

Ɗalibin da ke karanta shari'a, tarihi, harsuna ko aikin jarida, idan aka ɗora masa darasin yanayi, da iliminsa yake shigowa aji. Ya san hunturu da hazonsa, ya san gumin bazara kafin ruwan farko, ya san hadari daga gabas yake tasowa. Lissafin da littattafan kimiyya ke bi su bayyana waɗannan abubuwa ne ke korarsa. Manhajojin da ke zana iska da zafi da gajimare a kan taswira suna ɗauke masa wannan nauyi, sai dai suna da nasu tarkon: kyan hoto. Aji na iya shafe awa guda yana kallon iska na yawo a allo, kowa na jinjina kai, a tashi ba wanda zai iya faɗin daga ina take busowa.

Don haka kowane zama ya bi tsari ɗaya, kada a saɓa. Malami ya jefa tambaya. Kowane ɗalibi ya rubuta amsar da yake zato a takarda tun allo na rufe. Sannan a buɗe taswira, a danna wuri, a karanto lamba da ma'auninta. Daga ƙarshe a gwada lambar da abin da aka rubuta. Wanda bai rubuta zatonsa ba, da ya ga amsa zai rantse dama ya sani.

Kayan aiki

Shafuka uku na kyauta sun isa zango guda, kuma duk a burauza suke buɗewa. Windy.com na nuna hasashen kwanaki masu zuwa. Shafin earth.nullschool.net na nuna iska a kan duniya mai juyawa, kuma ana iya komawa da shi shekarun baya. NASA Worldview kuwa hotunan tauraron ɗan Adam ne na gaske, rana bayan rana. Manyan manhajoji irin su IDV na Unidata a bar wa ɗaliban kimiyya. Kafin ɗalibin adabi ya gane maɓallansu, rabin zango ya wuce.

Tun ranar farko a bambance wa ɗalibai abu biyu. Abin da Worldview ke nunawa kyamara ce ta ɗauka. Yawancin abin da Windy da nullschool ke nunawa kuwa lissafin kwamfuta ne: an tattara awon tashoshi, jirage, balan-balan da taurari, aka raba sararin sama gida-gida, aka lissafa abin da ya kamata ya kasance a kowane gida. Tsarin hasashen Amurka mai suna GFS ana sabunta shi sau huɗu a rana, ƙarfe 00, 06, 12 da 18 agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Na cibiyar ECMWF ta Turai gidajensa sun kai kusan kilomita 9 kowanne. Idan ɗalibi ya danna ƙauyensu ya ga digiri 34, ya sani babu wani ma'auni da aka kafa a can. Ƙiyasin gidan da ƙauyen ya faɗa ciki ne.

Ana buƙatar kwamfuta ɗaya da majigi, waya ɗaya ga kowane rukuni na mutum uku, taswirar Afirka ta Yamma da aka buga a takarda mai layukan latitud da sunayen garuruwa kawai, fensir mai launi biyu, da rula. A rukunin, ɗaya ya riƙe waya, ɗaya ya karanta jadawalin launuka, ɗaya ya rubuta, kuma a riƙa musanya kowane mako. In ba haka ba mai wayar ne kaɗai zai koya.

Shirin daren jajibere

Kada a dogara da intanet ɗin aji. A buɗe duk taswirar da za a nuna, a ɗauki hoton allo, a kuma naɗi bidiyon allo na daƙiƙa 30 zuwa 60 na masu motsi, a zuba a filashi. A sa wa kowane fayil suna mai ɗauke da rana, awa da tsayin sama, domin bayan mako biyu ba mai tuna wane hoto ne na yaushe. A nullschool adireshin shafin yana ɗauke da ranar da wurin da aka zaɓa, saboda haka kwafe shi a tura wa rukunin WhatsApp na aji ya wadatar kowa ya buɗe abu ɗaya.

A shiga saitin Windy a mayar da zafi zuwa Salshiyos, gudun iska zuwa kilomita a awa, ruwa zuwa milimita, matsin iska zuwa hPa, wato hektofaskal. A wayoyin ɗalibai ma a yi haka a minti biyar na farko, don wasu za su zo da ma'aunin jiragen ruwa da na sama, wanda ɗayansa kilomita 1.852 ne a awa, sai rukuni biyu su kawo lamba daban a wuri ɗaya a yi ta musu. Bangon nullschool baƙi ne, hasken rana na kashe shi a kan majigi. A rufe tagogin gaba, ko a koma Windy mai launuka masu haske.

Zama na farko: karatun taswira kawai

Kada a koyar da kimiyya a wannan rana. A buɗe Windy a kan iskar ƙasa, a ce kowane rukuni ya danna Kano, Legas, Yamai da Agadas, ya rubuta abu huɗu: rana da awa, sunan tsarin hasashen, gudun iska, da inda take fitowa. Nan kurakurai uku za su bayyana, kuma gara su bayyana da wuri.

Na farko, sunan iska. Ana kiranta da inda ta fito: iskar arewa maso gabas daga can take, kudu maso yamma ta nufa. Ɗalibai da yawa za su juya shi. A fitar da su tsakar gida, kowa ya saki ɗan yagaggen ganye ko ƙura, ya nuna da hannu inda iskar ta fito.

Na biyu, lokaci. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya, wato 12 UTC ƙarfe 1 na rana ce a Kano da Damagaram. Wasu shafukan na bin agogon waya, wasu na UTC, sai an duba.

Na uku ya fi wuyar cirewa. Ɗigogin da ke gudu a allo ba tafiyar iska daga safe zuwa yamma suke nunawa ba. Hoton awa ɗaya ce tak, aka sa mata motsi don ido ya ga alkibla, kuma an ƙara musu sauri ƙwarai. Don a tabbatar musu, a bar allon minti uku yana gudu, su ga agogon ƙasa bai motsa ba. Sannan a ja sandar lokaci gaba da awa 12 su ga tsarin ya sauya.

Layin da iska biyu ke karo

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, a ba shi zama biyu ko uku ba tare da jin an ɓata lokaci ba. Duk wanda ya gane shi ya gane dalilin damina da rani a ƙasar Hausa.

A fara da tambaya: a tsakiyar Janairu, iskar Legas da ta Kano daga wuri ɗaya suke? A watan Agusta fa? Bayan sun rubuta, a buɗe nullschool, a danna kalmar earth a ƙasan hagu don jerin zaɓi ya fito, a zaɓi iskar ƙasa, a koma 15 ga Janairu na shekarar da ta wuce. Kowane rukuni ya zana kibiyar iska a garuruwa takwas daga gaɓar teku zuwa hamada: Legas, Ilori, Abuja, Kaduna, Kano, Damagaram, Agadas, Tamanraset. Kibiyar da ta fito daga ɓangaren arewa ko gabas a yi ta da ja, wadda ta fito daga kudu ko yamma a yi ta da shuɗi. A ja layi tsakanin ja da shuɗi. A Janairu layin zai kwanta can kusa da gaɓar teku, wajen digiri 6 zuwa 8 arewa da ikwaita. A sake aikin da 15 ga Agusta: layin ya haura har wajen digiri 20, ya wuce Agadas da ke digiri 17. Masana na taƙaita sunansa da ITD, kuma ɗalibai za su ci karo da haruffan a bayanan hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, da na cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai.

A sa su yi wata-wata, daga Maris zuwa Nuwamba, kowane rukuni da watansa, a manna taswirorin a bango a jere. Su da kansu za su ga layin na hawa sannu a hankali yana saukowa da sauri, su kuma gane abin da ya sa daminar Sakkwato ta fi ta Abuja gajarta. Rana ɗaya na iya yaudara, don layin na kai-komo cikin mako, har tsakanin dare da rana. Kowane rukuni ya duba ranaku uku a watansa ya ɗauki tsaka-tsaki.

Sai a ɗora laima. A nan ake samun babban ruɗani, saboda kason laima da waya ke nunawa yana bin zafi. Iska guda, da ruwan da ke cikinta bai canja ba, za ta nuna kusan kashi 73 cikin 100 da asuba a digiri 20, ta nuna kusan kashi 30 da rana a digiri 35. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne digirin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin tururin cikinta ya fara zama ruwa. A Windy sunansa Dew point. A misalin da ya gabata digirin raɓar 15 ne safe da rana, kuma kusan wannan lamba ce masu hasashe ke bi su ja layin ITD: sama da 15 iskar teku ce, ƙasa da haka ta hamada.

Ana iya auna shi a kan teburin malami. A zuba ruwa rabin kofin silba, a tsoma ma'aunin zafi, a riƙa jefa ƙanƙara ƙanana ana juyawa. Ɗalibi ɗaya ya zuba wa bayan kofin ido, kada ya yi numfashi a kansa. Da ƙarfen ya dusashe da gumi, a karanta ma'aunin. A Agusta a Kano zai yi gumi tun ruwan na wajen digiri 20 da ɗoriya. A Janairu ana iya ƙarar da ƙanƙarar kofin na nan a bushe. A gwada lambar da ta Windy ta wannan awa.

Tambayar da mai kaifin basira zai yi ita ce: in layin na Agadas a Agusta, me ya sa ruwa ya fi yawa a Kaduna? Dalili shi ne iskar teku kusa da layin siririya ce, busasshiyar iska mai zafi na kwance a kanta. Sai an yi ɗaruruwan kilomita kudu kafin kaurinta ya isa ya gina hadari. Zaɓin TPW a nullschool, mai nuna jimlar ruwan da ke cikin iska daga ƙasa har sama, yana fito da wannan ƙarara.

Kafin a rufe taswirar Agusta, a ja duniyar kudu a bi iskar zuwa asalinta. A kudancin Atlantika daga kudu maso gabas take fitowa, tana ƙetare ikwaita sai ta lanƙwashe dama ta zama ta kudu maso yamma. Juyawar duniya ce ke lanƙwasa ta. A nuna musu wata guguwa a arewacin Atlantika a Janairu, iska na zagaye ta saɓanin hannun agogo, da wata a kudancin duniya tana bin hannun agogo. Iya nan ya isa. Dogon bayanin karon iskar sanyi da ta ɗumi da ke cike littattafan Turai a taƙaita shi, ba shi ke kawo ruwa a Sahel ba.

Hawa sama, da dalilin hadarin gabas

Manhajojin ba sa auna tsayi da mita, da matsin iska suke yi, kuma lambar na raguwa ne in ana hawa. Wannan na juya wa ɗalibai kai, don haka a rubuta a gefen allo a bar shi duk zango: 850 hPa kusan mita 1,500, 700 kusan mita 3,000, 500 kusan mita 5,500, 250 sama da mita 10,000. A bakin teku matsakaicin matsi 1013 ne. Kano na wajen 960, Jos da ke sama da mita 1,200 na ƙasa da 900. Ke nan matakin 1000 hPa a Kano da Jos ƙarƙashin ƙasa yake, lambar da aka gani a can cike-gurbi ce ta kwamfuta. Haka kuma ɗalibin da wayarsa ke da ma'aunin matsi zai ga 958 alhali taswira ta ce 1010. Taswirar ta mayar da kowane gari kamar a bakin teku yake don a iya gwada su.

Tambayar zaman: da damina iskar ƙasa daga kudu maso yamma take, to me ya sa hadari ke zuwa daga gabas? A buɗe wata rana a Agusta, a danna Kano, a rubuta alkibla da gudu a ƙasa, a 850, sannan a 700. A matakin 700 kibiyar za ta juya, iska mai ƙarfi daga gabas. Ita ke tura jerin hadarin zuwa yamma, yayin da ta ƙasa ke ciyar da shi da laima.

A biyo da hoton Meteosat, tauraron da ke tsaye kusan kilomita 36,000 sama da ikwaita, wanda ake samu a Windy da shafin EUMETView. A hoton da ke auna zafin saman gajimare, fari ko launi mai ƙarfi na nufin sanyi, sanyi kuma na nufin tsawo. Kan babban hadari na sauka ƙasa da digiri 60 ƙarƙashin sifili. A ba kowane rukuni hotuna biyu masu tazarar awa 6, su sa alama a gefen yamma na dunƙulen, su auna tafiyarsa. A yankinmu digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma kusan kilomita 109 ne. In ya ci digiri 3, kilomita 327 ke nan, a raba da 6, kusan 55 a awa. Daga nan su lissafa yaushe hadarin da ke kan Maiduguri zai iya isa Kano, in bai mutu a hanya ba. Ɗalibin da ya ce ba ya son lissafi yakan yi wannan da murna. A gargaɗe su cewa siririn gajimaren sama ma fari yake fitowa alhali ba ya ba da ko ɗigo.

Hazo

Daga Disamba zuwa Fabrairu a buɗe Worldview a nufi arewacin Chadi, wajen digiri 17 arewa da 18 gabas. Nan ne kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙura. A riƙa matsa rana ɗaya-ɗaya har a sami ranar da farin harshe ya miƙe kudu maso yamma. Tazararsa da Kano ta haura kilomita 1,100. A gudun kilomita 40 a awa, kwana ɗaya da 'yan awanni. Su yi hasashen ranar isowa, sannan a duba rahoton filin jirgin Kano, mai lambar DNKN, wanda Windy ke nunawa in an kunna filayen jiragen sama. A layi irin 06012KT 1500 DU 27/02, wanda misali ne na koyarwa, iska daga digiri 60 take wato arewa maso gabas, gudunta 12 a ma'aunin jiragen ruwa da na sama (KT), ido na kaiwa mita 1,500 kacal, DU ƙura ce, zafi 27, digirin raɓa 2.

Baƙaƙen tsagi da ake gani a hotunan kyamarar MODIS da Worldview ke nunawa kusa da ikwaita gurbi ne tsakanin zagaye biyu na tauraron, ba lalacewa ba ce. Ƙura a kan yashi kuma tana ɓuya. Hoton ƙura na Meteosat, inda take fitowa ruwan hoda, ya fi nuna ta, har da dare.

Gwada hasashe da abin da ya sauka

Wannan aikin mako uku ne da damina. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, faɗin bakinsa daidai da na gindinsa, a fili nesa da bango da bishiya, a ɗaure shi kada iska ta kifar. Kullum ƙarfe 7 na safe a auna zurfin ruwan da rula a zubar. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan murabba'in mita ɗaya. A wannan lokacin kuma a rubuta hasashen ECMWF da na GFS na awa 24 masu zuwa, da hasashe na uku wanda ba ya buƙatar kwamfuta: gobe kamar yau. A ɗauki milimita 1 a matsayin iyaka, a cike gida huɗu ga kowanne: an ce za a yi an yi, an ce za a yi ba a yi ba, an ce ba za a yi ba an yi, an ce ba za a yi ba ba a yi ba.

A sa ran zafi da iska su fito kusa da daidai, ruwa kuwa ya sha kuskure. Hadari na iya juye ruwa a wata unguwa ya bar ta gefenta a bushe, kwamfuta kuma matsakaicin gida guda take bayarwa, ga ƙarancin tashoshin awo a Sahel da ke ciyar da ita. Sau da yawa za ta yayyafa ɗan ruwa kullum a ko'ina, alhali a zahiri kwana uku shiru ne sai na huɗu a yi mamako. Kada a bar ɗalibai su tafi da cewa hasashe ƙarya ne; a sa su gwada na kwana ɗaya da na kwana bakwai, su ga inda za a dogara da inda ba za a dogara ba. Masu shirin zama 'yan jarida da malaman gona su ne za su isar da irin wannan bayani ga manoma, kuma gargaɗin hukuma daga NiMet ko hukumar yanayi ta Nijar yake fitowa, ba daga manhajar waya ba.

In malami na son taswirarsa

Ana sauke bayanan ERA5, wato lissafin yanayin shekarun baya, kyauta daga rumbun Copernicus na Turai bayan rajista. Sun faro daga 1940. A zaɓi matsakaicin wata-wata, a yanke yankin daga ikwaita zuwa digiri 25 arewa don fayil ya yi sauƙi, a buɗe da manhajar Panoply ta NASA, wadda ke buƙatar manhajar Java a kwamfutar. Zafi a ma'aunin Kelbin yake zuwa, sai an cire 273.15, wato layin raɓa na 15 shi ne 288.15. Ruwa a mita yake, a ninka da 1,000 ya koma milimita. A kulle iyakar launuka da hannu, ƙarama da babba, kafin a fitar da watanni 12. In an bar manhajar ta zaɓa, jan Janairu da jan Afrilu za su zama lambobi daban, aji ya ɗauka zafinsu ɗaya.

Wajen jarrabawa, a ba ɗalibi taswirar iskar ƙasa da ta digirin raɓa da aka goge wa kwanan wata. Ya ja layin ITD, ya faɗi wane wata ne da hujja biyu masu lamba, ya kuma rubuta jimla uku da Hausa da za a iya karantawa a rediyo ga manomin Gumel ko Maraɗi game da abin da zai gani a sama a wannan mako. A raba makin uku: layin, hujjar, da saƙon. Launin da aka ambata ba tare da lamba da ma'auni ba, babu maki.